Odar siminti ta maƙale tsakanin Damagaram da Yamai

Ɗan Zango: Assalamu alaikum ƴan uwa, ina gajiyar aiki. Ku kawo mini ɗauki, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Akwai wani Alhaji maigidana mai sarin siminti da ƙarfen gini a wajen Kasuwar Dole. Bara na rubuta masa ƴar manhaja da harshen PHP da ma'ajiyar bayanai ta MySQL: yaron shago ya shigar da oda, ita kuma ta aika kai tsaye zuwa sarbar kamfanin da ke ba shi kaya a Yamai. Su tasu ta .NET ce, da SOAP ake magana da ita, wato wata ƙa'idar aika saƙo tsakanin manhajoji. Wata goma sha ɗaya muna lafiya lau. Ran Asabar suka ce sun sabunta kayansu, suka turo mini sabon adireshi, na canza shi a layin location, to tun daga nan ko oda ɗaya ba ta wuce ba. Lamba 415 kaɗai nake gani. Na kira su, suka ce masu sayensu na Maraɗi da na Tawa ba wanda ya yi kuka, don haka laifin nawa ne. Alhaji ya koma karanto lambobi ta waya kamar da, ga shi jibi Alhamis ranar kasuwa. Kallon da yake mini yanzu ba na alheri ba ne.

Mai Gyaran Waya: Wa alaikumus salam. Rezo ne kawai. Tun jiya ko hoto ba ya buɗe mini a nan Kara-Kara. Kashe ka kunna.

Ƴar Sabon Gari: Haba Mai Gyara, komai rezo? Da rezo ne ai jira zai yi ta yi har lokaci ya ƙare. 415 amsa ce. Saƙonsa ya yi tafiyar kilomita wajen 900, ya isa, an duba shi a bakin ƙofa an ce ba a karɓar irinsa. Ɗan Zango, me ke rubuce bayan lambar?

Baba na Birni: Yaro, kafin ka sake kiran Yamai, yi abu guda. Kai kana kallon lambobin da ka rubuta, su suna kallon nasu, ba wanda ya kalli abin da ya bi waya. A wajen da ka ƙirƙiri SoapClient ka sa trace ya zama 1. Bayan kiran ya faɗi, ka fito da __getLastRequestHeaders da __getLastRequest da __getLastResponse. Ka goge kalmar sirri da sunan kamfanin, ka faɗa mana abin da ka gani. Ban son jin abin da kake tsammani ka aika.

Ɗan Zango: To Baba, na yi. Ni na aika da Content-Type na text/xml, da layin SOAPAction a ƙasa. Amsar tasu cewa take application/soap+xml take jira. Wallahi kwana uku wannan jimlar na nan, ban taɓa buɗe ta ba, lambar kawai nake bugawa a allo.

Ɗalibi: Yaya ai wannan mai sauƙi ne, mun taɓa shi a jami'ar André Salifou. SOAP iri biyu ne. Na 1.1 na shekarar 2000 shi ke tafiya da text/xml da SOAPAction daban. Na 1.2 na 2003 shi ke tafiya da application/soap+xml, har sunan ambulan ɗinsu ba ɗaya ba ne. PHP na 1.1 yake ɗauka in ba ka ce masa komai ba. Sa soap_version ya zama SOAP_1_2 ka huta.

Ɗan Zango: Na sa. 415 ta tafi, wata ta zo. Yanzu 500 ce, tana ƙorafin wai ba a rubuta Action da To a kan saƙon ba. An gudu ba a tsira ba.

Baba na Birni: Ɗalibi bai yi kuskure ba, rabin hanya ya kai ka. Wannan ƙofar da suka ba ka, ina kyautata zaton wsHttpBinding ce. Ita ban da SOAP 1.2 tana son WS-Addressing, wato Action da To ɗin nan da take nema, sau da yawa ma da tsaro a cikin saƙon kansa, kuma SoapClient na PHP ba ya yin waɗannan da kansa, sai ka ɗinka su da hannu. Kada ka shiga wannan wahala tukuna. WSDL ɗin da kake aiki da shi, wato fayil ɗin da ke bayyana yadda za a yi magana da sarbarsu, daga ina kake karanto shi?

Ɗan Zango: Na sauke shi bara na ajiye a kwamfutar shago, saboda in rezo ya yi rauni sauke shi kaɗai na cin lokaci.

Baba na Birni: To ka ga inda gizo ke saƙa. Kana riƙe da takardar yarjejeniyar bara, su sun rubuta sabuwa. Ajiye shi a gida dabara ce mai kyau a garin nan, ni ma haka nake yi, amma duk ran da aka ce maka an sabunta, shi ne abu na farko da za ka sake ɗaukowa. Sauke sabon, ka gangara can ƙasa wajen service, ka ƙirga port nawa ne, wato ƙofa nawa. In akwai mai suna da ya fara da BasicHttpBinding, shi ne naka, SOAP 1.1 ne tsantsa, sai ka cire abin da Ɗalibi ya sa ka. Na Maraɗi da na Tawa da ba su yi kuka ba, ina jin da .NET suke aiki, Visual Studio ya tsara musu komai daga sabon WSDL, ba su ma san an canza ƙofa ba.

Sannan ka kula: PHP na ɓoye WSDL a /tmp na daƙiƙa 86400, kwana guda cur. In ka musanya fayil da suna ɗaya, tsohon zai ci gaba da karantawa kana ta zagin mutanen Yamai a banza. Sa cache_wsdl ya zama WSDL_CACHE_NONE muddin kana gwaji.

Ɗan Zango: Baba Allah ya ƙara girma. Port biyu ne. Adireshin na biyu suka turo mini a saƙo, na farkon na nan yana jirana. Odar gwaji ta buhu 40 ta wuce. Zan kwanta.

Mai Gyaran Waya: Ni dai na ce a kashe a kunna, kuma ai an kunna.

Ɗan Zango: Ina kwananku. Murna ta koma ciki. Da safen nan oda biyar, uku sun wuce, biyu sun dawo da 500. Wannan karon ban jira an ce mini ba, na buɗe abin da na aika. A biyun da suka faɗi, nauyin ƙarfe tan 2,5 ne da tan 1,75. Waɗanda suka wuce duk cikakkun lambobi ne.

Ƴar Sabon Gari: Waƙafi ne. Buɗe tsohon WSDL da sabon gefe da gefe ka dubi filin nauyi. Na tabbata a da string ne, wato rubutu, yanzu sun mai da shi decimal, wato lamba. A XML ɗigo kaɗai decimal ya sani, 2.5, ba ruwansa da yadda aka koya mana a lakkal. Kuma ka dubi kuɗin ma. In kana amfani da number_format ɗin da kake buga rasit da shi, zai aika 12 500 da fili a tsakiya, shi ma faɗuwa zai yi. Abin da ido zai karanta daban, abin da za a aika daban, kada ka haɗa su a aiki ɗaya.

Tun da ka shiga ciki, ga wani rami da na taɓa faɗawa: in amsarsu jeri ce ta kaya, ran da kaya ɗaya tak ya dawo PHP ba zai ba ka jeri ba, abu guda zai ba ka, foreach ɗinka ya rikice. Sa SOAP_SINGLE_ELEMENT_ARRAYS a features tun yanzu.

Na Magarya: Ku bari in ba ku tawa, ko da ba ita ake yi ba. Na taɓa haɗa wata manhaja da sarbar da aka yi haya a Faransa. A watan Janairu muka yi gwaji, lokaci ya yi daidai har daƙiƙa. Ƙarshen Maris sai ga duk rajista ta goce da awa ɗaya. Na canza batirin CR2032 na kwamfutar, na zargi ɗaukewar kuran, na zargi yaron da ke shigar da bayanai. Ashe su can suna tura agogo gaba ran Lahadin ƙarshe ta Maris, su dawo da shi ran Lahadin ƙarshe ta Oktoba, mu kuwa Nijar awa ɗaya muke gaban UTC rani da damina. Ni kuma ina aika lokaci tsirara, ban manna masa +01:00 a wutsiya ba, sarbar na fassara shi yadda ta ga dama. Ɗan Zango duba naka.

Ɗan Zango: Na duba Yaya, date('c') nake amfani da shi, yana sawa da kansa. Waƙafin ma na gyara, Yaya ta Sabon Gari gaskiyarki, string ne suka mai da decimal ba su gaya wa kowa ba. Amma ga babbar. Sabon tsarin na neman sunan wurin da za a sauke kaya, alhali a da lambar mai saye kawai nake turawa. Ɗazu mutumin Yamai ya turo mini hoton takardar da za a ba direba. Inda ya kamata a ga Ɗan Barto, abin da aka buga shi ne ÆŠan Barto. A layin kaya kuma Æ™arfe. Ya tambaye ni wai wane gari ne wannan. A allon shago kuwa daidai suke fitowa.

Baba na Birni: Wannan na san shi kamar yunwar cikina. Amsa mini biyu. Teburin MySQL ɗinka latin1 ne, mai haruffan Turai ta yamma? Kuma ka taɓa wani abu a kan charset, wato tsarin haruffa, kwanan nan?

Ɗan Zango: Latin1 ne, MySQL 5.7 ne, yadda ya zo na bar shi. Jiya PHP ya ƙi wani suna mai é, ya ce ba UTF-8 ba ne, wato tsarin haruffan da yake buƙata a saƙon SOAP, sai na sa set_charset utf8mb4, sunan UTF-8 a MySQL, a fayil ɗin da ke aikawa kawai.

Baba na Birni: To zauna ka ji. Harafin ƙ a UTF-8 bayit biyu ne, C6 da 99. Shekara guda shafinka na zuba waɗannan biyun cikin teburin da ya ɗauka kowane bayit harafi ne mai zaman kansa. Ya karɓa bai gane ba, ya mayar maka bai gane ba, burauza ta haɗa su ta nuna ƙ, kowa na murna. Ran da ka ce masa ya ba ka UTF-8, sai ya yi maka biyayya: C6 a wurinsa Æ ne, 99 kuma ™, ya fassara kowanne daban ya miƙa maka. Ɗ babba C6 8A ne, shi ya ba ka ÆŠ. Da ɗ ƙarami ne É— za ka gani. Sarbar Yamai ba ta ɓata komai a nan ba, abin da ka ba ta ta buga.

Gyaran shi ne ka mai da filin zuwa bayit zalla, VARBINARY ko BLOB, sannan ka dawo da shi rubutu da utf8mb4, don kada MySQL ya fassara komai a hanya. Amma kada ka yi gaggawa. Wancan suna mai é da PHP ya ƙi yana gaya maka teburinka gauraye yake: wasu layukan daga shafinka suka shigo, wasu ka kwaso su daga Excel, é ɗinsu bayit ɗaya ne, E9. In ka yi wa duka wanka ɗaya, waɗannan za su lalace. Ɗauki kwafin teburan da mysqldump ka ajiye a kile biyu, ka ware su, ka gwada a kwafi. Kuma ba da rana ba, a lokacin da kuran ke wasa da mutane.

Ɗan Zango: Na gwada a kwafi, na aika odar gwaji. A abin da na tura, Ɗan Barto ya fita tsaf, na gani da idona a __getLastRequest. Hoton da ya dawo daga Yamai: ?an Barto. Na kira, mutumin ya ce in daina wahalar da kaina da su, in rubuta D da k kamar kowa.

Ƴar Sabon Gari: Yanzu kam ƙwallon na gidansu. Alamar tambaya na nufin harafin ya iso lafiya, wajen ajiyewa aka rasa inda za a sa shi. Filin nasu a SQL Server VARCHAR ne, mai tsarin haruffan Turai ta yamma, akwai é da ç da œ amma babu ƙ, ɗ, ɓ, ƴ. NVARCHAR, mai ɗaukar haruffanmu, ya kamata ya zama. Kuma wannan ya fi naka muni, don naka ana iya dawo da shi, alamar tambaya kuwa in ta shiga harafin ya tafi ke nan.

Na Magarya: Ni fa ina bayan mutumin Yamai. Mu faɗi gaskiya. A katin ɗan ƙasa wa aka rubuta wa sunansa da lanƙwasa? Allon bakin hanya Dan Barto aka sa, direba ya san wurin tun kafin a haifi Ɗan Zango. Alhaji siminti yake son ya iso, ba darasin rubutu ba. Layi huɗu na str_replace, an gama, gobe kasuwa. Kamfanin da ke da masu saye a duk ƙasa ba zai taɓa teburinsa don mutum ɗaya a Damagaram ba.

Malama ta Garin Malam: Ni ba mai rubuta manhaja ba ce, ƙanena ya sa ni a zauren nan don in koyi gyaran kwamfutar makaranta, amma wannan ta shafe ni. Na Magarya, rubuta mini "karya" ka ce in gane ko macen kare kake nufi ko abin da maƙaryaci ke yi. Kafa da ƙafa, baki da baƙi, bari da ɓari. Tun 1999 gwamnati ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a ƙasar nan, da haruffan nan a ciki, har da ƴ da muke rubutawa inda ƴan Najeriya ke sa 'y. A 2025 aka ce Hausa ce harshen ƙasa. Ina koya wa yara su lanƙwasa ƙ, sai su girma na'ura ta ce musu ba ta san shi ba? É na Faransanci ya samu wuri, namu ne bai samu ba.

Na Magarya: Malama, da girmamawa, ba wanda zai yi odar macen kare tan biyu. A takardar kaya mahallin ya isa.

Mai Gyaran Waya: Kai dai ba ka san Alhazan garin nan ba.

Ɗalibi: Ni abin da ban gane ba, me ya sa har yanzu ake SOAP? Da REST ne da JSON duk wannan ba za ta taso ba.

Ƴar Sabon Gari: Ƙanena, 415 da WS-Addressing ne kaɗai za su tafi. Waƙafin 2,5 na nan, lokacin Na Magarya na nan, teburin latin1 na nan, VARCHAR na nan. A JSON ma ba ka da WSDL ɗin da za ka ajiye tsoho da sabo gefe da gefe ka kama su sun canza string zuwa decimal, sai in sun ga dama sun rubuta maka bayani. Ban ce SOAP na da daɗi ba. Amma ba Ɗan Zango ke zaɓa ba, mai sarba ke zaɓa.

Kan maganar lanƙwasa kuma, ni dalilina ba na kishin harshe kaɗai ba ne. In ya cire a hanya, shago na da Ɗan Barto, Yamai na da Dan Barto. Ran da za a daidaita lissafin ƙarshen wata da suna, wuri ɗaya ya zama biyu. Na ga an yi rigimar jikka ɗari uku a kan irin wannan, mutum ɗaya da asusu biyu, ɗaya ana binsa bashi, ɗaya yana da rara.

Baba na Birni: Na Magarya na da gaskiya a wuri ɗaya da bai ma ambata ba. Ƙananan injinan buga rasit na shago, masu takarda mai zafi, da yawansu ba su da haruffanmu a cikinsu ko ka yi me. A nan dole ka sauke ƙ zuwa k, ko ka buga rasit ɗin a matsayin hoto. Wannan a bakin injin ake yi, a mataki na ƙarshe. Abin da ke cikin tebur da abin da ke bin waya a bar shi da lanƙwasarsa, don daga ƙ kana iya samun k kullum, daga k kuwa ba mai dawo maka da ƙ sai wanda ya san sunan.

Inda ban yarda da shi ba shi ne cewa abin babban aiki ne. Haruffan nan na cikin Unicode tun farkon shekarun 1990, Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8 a 1992, yawancinku ba a haife ku ba. Fili ɗaya ne za su mayar NVARCHAR, su duba cewa a manhajarsu ma da NVarChar suke miƙa shi. Ba su yi ba ne don ba wanda ya taɓa kai musu hujja a hannu. Ɗan Zango, kada ka kira su kana cewa abinku ba ya aiki. Rubuta musu: ga saƙon da na aika, kwafe shi ɗungurungum, ga hoton takardarku, ga sunan filin da nake zargi. Ka haɗa da layin curl da za su maimaita gwajin da kansu ba sai da manhajarka ba. Kuma ka nemi mai rubuta manhajar, ba mai ɗaga waya ba.

Na Magarya: In sun amsa kafin sati biyu, shayin zauren nan a kaina.

Malama ta Garin Malam: Ka fara tanadin sukari.

Ɗan Zango: Barkanmu da Juma'a. Jiya oda 17 suka wuce ba ko ɗaya da ta dawo, Alhaji har ya ce a sayo mini kilishi. Na bi ta tsakiya na ɗan lokaci: ina sauke lanƙwasar a filin wurin saukewa kaɗai, a layi ɗaya da na yi wa alama don in cire shi daga baya, teburina kuwa ban taɓa haruffansa ba. Malama ki yi haƙuri, motar siminti ba ta jira. Na tura musu saƙon yadda Baba ya ce. Wata mata ce ta amsa, ita ke riƙe da ɓangaren, ta ce ta maimaita gwajin ta ga alamar tambayar, ta ce sunan unguwarsu ma haka yake fitowa ta ɗauka injin bugawa ne. Za ta kai wa shugabanta, ba ta yi alkawarin rana ba.

Na Magarya: "Za ta kai wa shugabanta." Sukarina na nan a ajiye.

Ɗan Zango: Baba, tambaya ta ƙarshe. Na ware layukan Excel ɗin, 212 ne cikin dubu uku da wani abu. Daren yau nake son yin gyaran na gaske bayan an rufe shago. In fara da su ko da sauran?

Baba na Birni: Da su. Kwashe su zuwa wani tebur tukuna, su fassarar MySQL ta yau da kullum ta ishe su, ka yi wa sauran hanyar bayit, sannan ka dawo da su. Kada ka manta shafin shigar da oda ma ya koma utf8mb4 a daren, in ba haka ba gobe da safe yaron shago zai fara zuba maka sabuwar ɓarna. Ka cika batirin kwamfutar kafin ka fara. In ka maƙale bayan isha ka kira ni, ba na barci da wuri.